Kurakuran da sababbin masu ɗaga ƙarfe suka fi yi a karkara

A ƙauyenmu da ke yankin Ringim, bayan la'asar za ka tarar da samari ƙarƙashin darbejiya sun kewaye rodi guda, an cika gwangwanayen fenti biyu da siminti an soke a kowane baki. Da irinsa na fara, don haka ba raina shi nake yi ba. Sai dai masu farawa da zafi kaɗan ne ke kai wata uku. Wani ƙugu ya riƙe, wani kafaɗa ta motsa, wani ya ce jikinsa ne ba ya karɓa.

Abin da ya fi kayar da su gasa ce. Yaro ya zo yau, ya ga wanda ya shekara biyar yana yi, ya rantse shi ma sai ya ɗaga irin nasa. Sai ka ga yana banƙare baya yana fizga, abokai na yi masa kirari. Nauyin da ya dace da kai shi ne wanda za ka ɗaga sau 8 zuwa 12 a natse, ka sauke a natse. Ka yi haka sau uku, kana hutawa minti ɗaya ko biyu a tsakani. Ranar da 12 ta zo maka da sauƙi, ka ƙara kilo ɗaya ko biyu.

To siminti ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, shi ya sa nake ce wa mai farawa ya nemi jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kuwa tana ba ka damar farawa da goma ka hau a hankali. In kuma simintin kake so, ka kai wa mai sikeli a kasuwa ya auna maka kowane ɓangare. Ni nawa na farko ɓari ɗaya ya fi ɗaya nauyi ban sani ba, kafaɗar hagu ce ta sanar da ni, sai da na yi wata biyu ko fartanya ba na iya ɗagawa sosai.

Sai masu ƙirji da ƙwanji kaɗai, don su ne riga ke nunawa. Daga sama ƙato, daga ƙasa sillan kara. Manyan tsokokin jiki suna cinya da mazaunai da gadon baya. Ka riƙa tsugunawa kana tashi da jarka rungume a ƙirji, ka kama reshe mai ƙwari kana jan jikinka sama. In za ka ɗauki nauyi daga ƙasa, baya a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, kayan dab da ƙafarka. Wannan ko buhun taki mai kilo 50 za ka ɗora a kan amalanke zai yi maka amfani.

Kada ka kama ƙarfe jiki a sandare, balle da hunturu. Minti biyar na sassarfa da juya kafaɗu sun isa.

Wasu kuma kullum suna kan rodi, har da safe da yamma. Tsoka ba a lokacin ɗagawa take girma ba, sai ta huta, kuma wadda ka wahalar yau tana son kamar awa 48. Kwana uku a mako sun wadatar, da barcin awa bakwai ko takwas, ba zaman shagon caji har sha biyun dare ba. Da damina, wanda ya wuni yana huɗa ya riga ya biya, ya rage zuwa kwana biyu.

Abinci kuwa, cika ciki da tuwo daban, gina jiki daban. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na jikinsa a rana, wato mai kilo 60 ya doshi giram 100. Furotin ɗin ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, don haka sai an haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kindirmo a cikin fura, da kifi ga na kusa da kogin Haɗejia. Garin furotin ɗin nan na cikin manyan robobi da ake tallarsa a waya ba dole ba ne, kuɗinsa ya sayi wake mai yawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai gajen haƙuri da ya nufi kemis neman sha-ka-fashe. Da yawansu dexamethasone ake ba su. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, mutum ya ɗauka ƙiba ce, alhali ruwa da kitse ne, maganin ma cinye tsoka yake yi, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, ya je asibiti a rage masa sannu a hankali. Tramol kuma ɓoye ciwo yake yi, ka yi ta ɗagawa a kan rauni, ga jarabar shansa, ga jijjiga. Allurar ƙarin tsoka tana taɓa hanta da zuciya, tana rage ƙwayar haihuwa, kai da ko lefe ba ka haɗa ba.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 a nan, ka yi bayan asuba ko dab da magariba, da ruwa a gefe. Da azumi ka bari sai an sha ruwa abinci ya faɗa, ko bayan asham.

Tsamin jiki na kwana biyu bayan farawa ba komai ba ne, zai wuce. Amma ciwon da ke suka a gaɓa, ko kumburi a matse-matsi mai fitowa in ka yi tari ko yunƙuri, ka ajiye rodin ka tafi asibiti. Irin wannan kumburin ƙaba ce ake zargi, kuma ɗaure ta da ƙyalle ba ya mayar da ita.