Darasi na Tara: Kasuwar Ruwa a Ostareliya

A kudu maso gabashin Ostareliya akwai koguna biyu, Murray da Darling. Yawancin noman rani na ƙasar a yankinsu ake yi. A da, ruwa yana bin gona ne: ka sayi gona, ka sayi ruwanta. Da kogi ya fara gajiya, sai hukuma ta ƙayyade yawan ruwan da za a ɗiba tun daga 1995, daga baya kuma aka raba takardar gona da takardar ruwa. Yanzu manomi yana iya sayar da rabonsa na shekara ɗaya, ko ya sayar da takardar dungurungum, gonarsa kuma tana hannunsa.

Ma'aunin cinikin sunansa megalita, wato lita miliyan 1. A shekarar 2007, lokacin wani dogon fari, kuɗin megalita ɗaya ya haura dala 1,000 ta ƙasar. Manoman shinkafa da yawa suka fasa shuka, suka sayar da ruwansu ga masu gonakin inabi da lemo. Shinkafa a sake shuka ta baɗi, amma itace in ya bushe, sai an jira shekaru.

Da ruwa ya zama kuɗi, kowane ɗigo sai ya sami mai tsaronsa. Manoma suka rage malala ruwa a kan gona, suka shimfiɗa siririn tiyo mai ɗiga ruwa a gindin shuka. Suka binne na'urar auna damshin ƙasa, don kada a ba shuka ruwan da ba ta nema ba. A jihar Biktoriya an kafa ƙofofin magudana masu aiki da hasken rana, suna buɗewa da kansu, suna auna abin da ya wuce.

Akwai inda abin yake damuna. Ruwan da ake cewa ya ɓata, wani ɓangarensa yana nutsewa ya koma kogi. Da aka tsuke shi, ya daina komawa, wasu kuma suka ƙara faɗin gona da rarar. A ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, ga fari ga yawan ɗiba, dubban ɗaruruwan kifaye suka mutu a kogin Darling kusa da garin Menindee.

Aiki: Wani manomi yana da megalita 100. Ya sa tiyo mai ɗiga, 70 suka ishe shi. Idan ana sayen megalita dala 200, nawa zai samu a rarar?