Yadda za ka rubuta aikin makaranta kan hana Yahudawan Sobiyet fita

In malami ya ba ka wannan maudu'in, kar ka fara da dokar Amurka ta Jackson-Vanik, wadda ta haɗa ciniki da Sobiyet da batun barin mutane su fita, kamar yadda kowa ke yi, fara da mutum ɗaya a Mosko mai son tafiya. Sai ɗan uwa ya aiko masa da takardar gayyata daga Isra'ila, ya kai ofishin OVIR mai ba da izinin fita, su ce ya kawo shaida daga wurin aiki, ka ga kenan da bakinsa zai gaya wa oga tafiya zai yi. Da yawa nan take aiki ya tafi, ƙarshe kuma a ce ba inda za shi wai ya san sirrin ƙasa. Waɗanda aka hana fita ɗin su ake ce wa refusenik. Bizar Isra'ila ma a ofishin jakadancin Holan ake karɓa, don tun yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 Sobiyet ta yanke hulɗa da Isra'ila.

Daga nan ɗauko takarda ka ja layi, shekara a hagu, adadin waɗanda suka fita a dama, nan ne makin yake wallahi. 1973 wajen 34,000. 1975 ya faɗo wajen 13,000. 1979 ya haura 51,000. 1984 ko dubu ɗaya bai kai ba.

To yanzu jera abin da ya faru kusa da kowace lamba. Agustan 1972 Mosko ta sa wa masu digiri harajin fita, wai su biya kuɗin karatun da gwamnati ta kashe musu, a Amurka Sanata Henry Jackson da ɗan majalisar wakilai Charles Vanik suka kawo doka suka ce to ba rangwamen ciniki ga Sobiyet sai an buɗe ƙofa, Henry Kissinger, babban jami'in harkokin wajen Amurka, yana cewa a bi a hankali a bayan fage. Harajin dai an daina karɓa a 1973 tun dokar tana majalisa, amma da shugaban Amurka Ford ya sa hannu a Janairun 1975 sai Sobiyet ta yi watsi da yarjejeniyar cinikinta da Amurka, adadin kuma ya ƙara sauka. Ni a ganina barazanar ta fi dokar aiki, sai dai in za ka rubuta haka ka kare shi da lambobin nan, ba wai ka ji a bakina ba.

Yarjejeniyar Helsinki ta 1975 ka ba ta sakin layi guda, ƙasashe 35 suka sa hannu har da batun haɗa iyalan da aka raba. Natan Sharansky, fitaccen refusenik, shi ma sa shi a nan, an kama shi 1977, sai Fabrairun 1986 aka sake shi a gadar Glienicke da ke Jamus.

Faɗuwar bayan 1979 ka haɗa ta da shigar Sobiyet Afganistan, sake buɗe ƙofar fita kuma zamanin shugaban Sobiyet Gorbachev ne. Kuma kar ka rubuta cewa duka Isra'ila suka nufa, da yawa suna sauka Biyana, babban birnin Austriya, suka karkata zuwa Amurka.