Yadda Ake Zaɓen Laktaye Da Ɗaura Shi Ba Tare Da An Ji Kunya Ba

Ranar da na fara zuwa intabiyun aiki, laktaye na aro ja mai ƙyalli kamar leda, na ɗaura ya tsaya min a saman cibiya, ni kuwa a raina na gama haɗuwa. Sai da na ga hoton daga baya na ce wai don Allah me ya hana wani ya ja min kunne? To bari ni in ja maka naka tun da wuri.

Laktaye shi ake zaɓa a ƙarshe. Ka fara fiddo kwat ɗinka da shat, ka shimfiɗa su a gado, sannan ka riƙa ɗora laktayen a kai ɗaya bayan ɗaya kana dubawa, kuma a hasken rana in da hali, don ƙwan lantarki yana yaudara. Abin da nake bi shi ne laktaye ya fi shat duhu. Farar shat ko bulu mai haske, kusan komai ka ɗora zai zauna, amma baƙar shat da farin laktaye sai ka koma kamar mai shirin hawa dandalin waƙa.

In kuɗinka na guda biyu ne kacal, sayi bulu mai duhu da kalar jinin kare, dukansu marasa ado ko masu ɗan ɗigo-ɗigo ƙanana. Su biyun nan za su kai ka intabiyu, su kai ka mitin, su kai ka gaban manya ba wanda zai ɗaga ido. Ja mai haske yana da kyau ga wanda zai tsaya gaban jama'a ya yi jawabi, shi ya sa 'yan siyasar Amurka suke yawan sa shi, amma ga mai neman aiki ni dai ina ganin ya yi ƙara da yawa. Biki ko walima kuwa nan ne za ka saki jiki, ruwan hoda, ruwan toka mai sheƙi, kore, ruwan zinare, duk sun shiga, sai dai kar ka fi ango ƙyalli. Wajen makoki baƙi ne zalla, ba sheƙi ba zane. Kuma in ka ga an rubuta "black tie" a katin gayyata, ba dogon baƙin laktaye ake nufi ba, ɗan ƙaramin nan ne mai kamar malam-buɗe-littafi.

Maganar zane ita ce inda mutane suka fi kwafsawa. Mutum zai sa shat mai layi-layi, kwat mai gida-gida, ya kawo laktaye mai furanni ya ɗora, kowanne yana ihu, mai kallo ya rasa inda zai ajiye idonsa. Za ka iya haɗa zane biyu, amma girmansu ya bambanta: in layin shat sirara ne a matse, to na laktayen su zama masu faɗi da tazara, ko ka koma ɗigo. Sannan ka nemi kala ɗaya da ta fito a duka biyun, ko da ɗan ratsin bulu ne a laktaye da ya yi daidai da shat ɗin, ita ce za ta ɗaure su. Zanen nan mai kamar ɗigon ruwa da ya lanƙwashe, wanda ake kira Paisley, asalinsa daga Farisa ne da Kashmir, sunan kuma na wani gari ne a Sikotilan da ya shahara da saƙa shi, to shi kam shat marar ado yake so. Masu layi a karkace ma akwai abin lura, na Ingila layin yana saukowa daga kafaɗar hagu zuwa dama, na Amurka akasin haka, kuma a Ingila wasu zanukan tambarin rundunar soja ne ko makaranta, ka ga ba daɗi ka sa na ƙungiyar da ba ka ciki.

Tsawo kuma ba wasa, bakin laktayen ya sauka daidai kan ƙarfen bel, kar ya wuce kar ya gaza. Faɗinsa ya yi kusan ɗaya da faɗin kwalar kwat, santimita 7 zuwa 9 yana yi wa yawancin mutane. Ƙulli fa? A 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Cambridge, Thomas Fink da Yong Mao, sun lissafa hanyoyi 85 na ɗaura laktaye, amma kai biyu sun ishe ka. Na farko, wanda ake kira Four-in-hand, ƙarami ne, yana ɗan karkacewa, ya dace da kwala mai matsattsen baki da laktaye mai kauri irin na ulu. Na biyu, Rabin Windsor, ya fi cika, na kwala mai buɗaɗɗen baki ne. Kafin ka ja ƙullin ƙarshe ka danna ɗan yatsa a tsakiya ƙasan ƙullin ka matse gefe da gefe, wani ɗan lotsawa zai fito, shi ne ke nuna hannu ya saba. Ka tura shi sama ya rufe maɓallin wuya gaba ɗaya.

Hankicin aljihu kar ya zama yadi ɗaya da laktaye, ko da a kwali ɗaya aka sayar maka da su, fari ya wadatar. Fil ɗin riƙe laktaye kuma tsakanin maɓalli na uku da na huɗu ake maƙala shi, ya kama har da shat ɗin.

Da ka dawo gida ka warware ƙullin, kar ka zare shi ta kai ka rataye don gobe, haka siliki yake mutuwa. In ya yamutse ka naɗe shi a hannu kamar tabarma ka bar shi ya kwana, ko ka rataye shi a banɗaki lokacin da kake wanka da ruwan zafi, tururin zai miƙar da shi. Dutsen guga kam kar ka kusanto da shi, na taɓa gwadawa, shatin ɗinkin baya ya fito ɓaro-ɓaro a gaba kuma har yau bai tafi ba.