Yadda Ake Zaɓar Jaki Ga Jitar Lantarki Mai Kogo Don Saiti Ya Zauna

Duk wanda ya taɓa duba goge ko gurmi da kyau ya san jaki, wato ɗan itacen nan da ke zaune a kan fata yana ɗauke da tsirkiya. Ba a manne shi, ba a kafe shi da ƙusa, ƙarfin tsirkiya kaɗai ke danne shi. To haka abin yake a yawancin jitar lantarki mai kogo, irin wadda kamfanin Gibson na Amurka ya fara fitarwa a 1936 da sunan ES-150, wadda makaɗin jaz Charlie Christian ya yi suna da ita, da ES-175 ta 1949, da kuma Gretsch 6120 ta tsakiyar shekarun 1950. Ka kwance tsirkiyoyin duka, jakin ya zame ya faɗi ƙasa. Wannan shi ne daɗin irin wannan jita, shi ne kuma ciwon kanta.

Kuka biyu masu ita ke yi, kuma ya kamata ka raba su tun farko. Na ɗaya, saiti ba ya zama: ka saita yanzu, ka kaɗa waƙa ɗaya, ya goce. Na biyu, tsirkiya a sake tana daidai, amma da ka haura wuya ka danna can sama sai sautin ya karkace. Ciwo biyu ne, maganinsu ba ɗaya ba.

Fara da tabbatar da mai laifi

Bahaushe ya ce an bar jaki ana dukan taiki. A harkar jita sau da yawa jakin ne ke shan duka a kan laifin wani. Idan kukanka na farko ne, saiti na gocewa, je ka duba matashi, ɗan ƙashin nan mai tsaga shida da ke can sama kusa da maƙunnan murɗawa. Murɗa maƙunni a hankali ka kasa kunne. In ka ji ƙas, sautin kuma ya yi tsalle lokaci ɗaya, tsirkiya ce ke maƙalewa a tsaga. Goga bakin fensir a cikin kowace tsaga ka sake gwadawa. In bai daina ba, tsagar ta yi wa kaurin tsirkiyar kaɗan, sai an buɗa ta da siririn magagari. Sannan ka sa sababbin tsirkiyoyi, ka jajja su da yatsa har su daina saki. Tsohuwar tsirkiya mai tsatsa ba ta ba da awo na gaskiya ko da wane jaki ka ɗora ta a kai.

Daga nan haska fitilar waya ta tsagar da ke fuskar jitar ka leƙa ciki. In ka ga gungumen katako ya ratsa tsakiya, kamar yadda yake a ES-335 ta 1958, ƙafafun jakin a cikinsa aka dasa su, kuma zaɓinka ya taƙaita ga abin da zai hau waɗannan ƙafafu. Akwai ma masu cikakken kogo, irin Epiphone Casino, da aka dasa musu ƙafafun a fuska. Sauran bayanin nan ya fi shafar jakin da ke zaune a kan gindin katako ba dashe.

Tsirkiya ta uku ita ke yanke hukunci

Nan ne na fi son ka tsaya, domin nan aka fi yin asarar kuɗi. In ka danna tsirkiya ta taɓa gaɓa, wato ɗaya daga cikin siraran ƙarafan da aka gitta a kan wuyan jita, ka ɗan miƙar da ita, miƙewar kuma tana ɗaga sauti. Don a rama, sai a ja wurin zaman tsirkiyar a kan jaki baya kaɗan, tsawonta ya ƙaru. Yawan ramuwar ya danganta da kaurin wayar da ke can cikin tsirkiya, ba kaurin da ido ke gani daga waje ba. Tsirkiya ta uku, wato G, iri biyu ce. Akwai tsirara, waya ɗaya tak mai kauri, wadda ke zuwa a kunshin 10–46 da makamantansa (lambobin awon kauri ne, na farko na tsirkiyar da ta fi siranta, na biyu na wadda ta fi kauri). Akwai naɗaɗɗiya, siririyar waya a ciki an naɗe ta da wata, wadda aka saba samu a kunshin 12 ko 13 na masu kiɗan jaz. Tsirarar tana son a ja ta baya sosai. Naɗaɗɗiyar tana son a turo ta gaba.

Yanzu dubi jakin katako, na rozwud ko na eboni, wannan baƙin katako ɗan uwan kanyarmu. An sassaƙa samansa hawa-hawa, kuma mafi yawansu don naɗaɗɗiyar G aka sassaƙa su. Ɗora masa tsirara, G ɗinka za ta riƙa haurawa a kowace gaɓa, kuma babu kusurwar da za ka juya jakin ta gyaru ba tare da ka ɓata sauran biyar ba. Don haka kafin ka sayi komai, yanke shawara a kan kunshin tsirkiyar da za ka zauna a kai. In naɗaɗɗiya ce, kuma kana son sautin nan mai ɗumi, mai kauri, wanda ke tashi ya kwanta da wuri, jakin katako ya ishe ka, kuma ni a kunnena babu wanda ya kai shi fito da muryar kogon. In tsirara ce, ko dai ka nemi na katako da aka sassaƙa musamman dominta, ko ka koma na ƙarfe.

Na ƙarfen da aka fi sani shi ne Tune-o-matic, wanda Ted McCarty na Gibson ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1950. Kowace tsirkiya da ɗan sirdinta da sukurunsa, kana matsar da shi gaba ko baya yadda kake so. Kafin shi ma kamfanin Gretsch ya riga ya fara sa jakin Melita, mai irin wannan dabara. Ana ɗora Tune-o-matic a kan gindin katako ya zauna kamar kowane jaki. Amfaninsa a fili yake: ka canja kunshin tsirkiya yau, ka gyara da sukundireba cikin minti goma. Abin da za ka bayar a madadin shi ne ɗan ɗumin sauti, domin ƙarfe ya fi nauyi, sautin yana ƙara tsini da daɗewa. Tsohon samfurin ABR-1 siriri ne, sirdinsa ba ya tafiya da nisa, wani lokaci kuma 'yar wayar da ke riƙe sukurorin tana ƙara. Samfurin Nashville ya fi faɗi da filin tafiya.

Idan akwai Bigsby

In jitarka tana da hannun Bigsby, wanda ake dannawa sauti ya yi rawa, lissafi ya sake. Duk dannawa ɗaya tsirkiyoyi na gogawa a kan jaki su dawo. A kan sirdi mai kaifi sai naɗin tsirkiya ya sarƙe, ba ta koma inda ta taso ba, saiti ya tafi. Mafita biyu ce. Ko jaki mai 'yan tayoyi, inda tsirkiya ke gangarawa, irin Space Control na Gretsch da Tune-o-matic mai taya. Ko sandar ƙarfe guda ɗaya mai lilo, wadda ke sunkuyawa gaba da baya tare da tsirkiyoyin maimakon su goga a kanta. Ni na fi karkata ga sandar. Ba ta da ƙananan sassan da za su yi kaɗa-kaɗa, sautinta kuma cike yake. Mai tayoyi in ba mai kyau ba ne, tayoyin kan cije da datti, ko su yi ta zuza. Sandar miƙaƙƙiya ba ta ba kowace tsirkiya nata gyaran, sai dai a karkata ta a samu kusa da daidai. Ƙananan maƙera irin Compton da Tru-Arc suna yin waɗanda aka gina ramuwar a jikinsu, amma nan ma sai ka faɗa musu irin G ɗinka.

Abu ɗaya kuma: Bigsby B6 ba ta da sandar da ke danne tsirkiyoyi a bayan jaki kamar B7, don haka dannin da ke kan jakin kaɗan ne. Da siraran tsirkiyoyi, bugu mai ƙarfi kan iya ture shi. Hawa zuwa kunshin 11 yakan rage wannan sosai.

Awo huɗu kafin ka biya

Ɗauki rula mai milimita. Auna tazarar da ke tsakanin ƙafafu biyu na gindin, daga tsakiya zuwa tsakiya. Yawanci tana wasa tsakanin milimita 73 da 74, amma rabin milimita ya isa ya hana sabon jaki hawa, kuma kaurin ƙafar na Amurka da na Asiya ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi ka sayi jaki da gindinsa tare. Auna tazarar tsirkiya ta ɗaya zuwa ta shida, wajen milimita 52 ake samu, ka tabbata za su bi ta kan ƙusoshin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ba kuma za su faɗa gefen wuya ba. Auna tsayin jakin daga fuskar jita zuwa samansa, ka zaɓi wanda faifan murɗawarsa, wato wanda ake juyawa a ɗaga jaki ko a sauke shi, zai zauna a tsakiya, da sararin ɗagawa da na saukewa. Na huɗu shi ne lanƙwasar allon wuya. Na Gibson inci 12 ne, sauran ka bincika naka. In lanƙwasar jaki ta saɓa da ta wuya, ko na tsakiya su yi tsayi ko na gefe su yi zuza.

Zaunar da shi

Gindin jaki dole ya kwanta lif a kan doron jitar. Ɗaga ta wajen haske ka duba ƙarƙashinsa. In kana hango haske, sauti na zurarewa ta nan, jakin kuma zai riƙa yawo. Shimfiɗa samfefa a kan fuskar jitar daidai wurin zamansa, ƙaiƙayin yana kallon sama, ka kare fentin da takarda a ƙasa. Shafa fensir a tafin gindin, ka goga shi gaba da baya, tafiya gajera, har baƙin fensir ya goge ko'ina. Aikin haƙuri ne, kada ka danna da ƙarfi.

Sai wuri. Auna daga bakin matashi zuwa gaɓa ta 12, ka ninka biyu. A yawancin Gibson za ka samu kusan inci 24.75, milimita 628 ke nan. Wasu manyan jita irin L-5 inci 25.5 ne. Abin da ka samu shi ne nisan jaki daga matashi, sai ka ƙara kamar milimita 2 a gefen siririyar E, wato tsirkiya ta ɗaya, 4 zuwa 5 a gefen kakkaura, wato ta shida, jakin ya ɗan karkace. 'Yan yankan da ke tsakiyar tsagogin fuska suna nuna kusan wurin, amma kusan ne kawai.

Ɗaura tsirkiya ta ɗaya da ta shida, ka saita su. Gyara tsayi tukuna da faifan murɗawa, kamar milimita 2 a ƙarƙashin kakkaura da 1.6 a ƙarƙashin siririya a gaɓa ta 12, domin duk canjin tsayi yana taɓa daidaito. Sannan riƙe jitar yadda kake riƙe ta in kana kiɗa, kada ka kwantar da ita a tebur. Kaɗa tsirkiya a sake, na'urar saiti ta tsaya tsakiya. Danna gaɓa ta 12 da irin ƙarfin da ka saba. In allura ta haura, ja wannan gefen jakin baya wajen wutsiya. In ta gaza, turo shi gaba wajen wuya. Sassauta tsirkiya kafin kowace matsawa don kada ka karce fenti, kuma matsawar ta zama kamar kaurin farce. Da waɗannan biyu sun zauna, ɗaura sauran. Mai jakin katako ko sanda ya gama, sai dai ya raba ɗan kuskuren da ya rage tsakanin B, wato tsirkiya ta biyu, da G. Mai Tune-o-matic ya fara da sirdunan a tsakiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. In sirdi ya kai bango bai isa ba, cire shi ka juya fuskarsa, za ka samu ƙarin fili. Na'urar tana raba tazarar gaɓa ɗaya gida 100, saɓanin gida biyu ko uku kunne ba ya kama shi.

Da ka samu wurin, manna tef na takarda a gaba da gefen gindin ka yi alama, ko ka ɗauki hoto da rula a gefe. Daga yau kuma ka riƙa canja tsirkiya ɗai-ɗai.

Kada ka sa gam. Na taɓa sayen wata jita ta hannu wadda wani mai gyara ya manne mata jaki, kuma ya manne shi kusan milimita huɗu gaba da inda ya dace. Daga gaɓa ta bakwai zuwa sama komai haurawa yake. Ranar da muka ɓamɓare shi, ya taho da fenti da ɓawon katako mai faɗin babban yatsa, kuma tabon yana nan har yau, duk sanda na buɗe akwatin sai raina ya sosu. In jakinka na zamewa, niƙa ɗan ƙaro irin wanda masu goge ke shafa wa izga ka barbaɗa a tafinsa, yana kamawa ba ya ɓata komai. In kai mai bugu da ƙarfi ne ko mai yawan danna Bigsby, ƙwararre zai iya dasa 'yan ƙusoshi biyu a fuskar jitar su shige tafin gindin. Amma wannan huda ce da ba ta komawa, sai ka shafe watanni a kan kunshin tsirkiya ɗaya kafin ka yarda a yi ta.

Masu zaune a Kano, Damagaram, Sakkwato da makamantansu suna da ƙarin aiki. An ƙera waɗannan jita ne a ɗaki mai matsakaicin danshi, wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yana sauka ƙasa da haka nesa. Katako ya tsuke, doron ya ɗan faɗa, tsirkiyoyi su sauka su fara zuza. Da damina ta kankama sai ya kumbura su ɗaga. Shi ya sa na ce ka bar wa faifan murɗawa sarari sama da ƙasa. Sake duba tsayi da gaɓa ta 12 a farkon sanyi da kuma bayan ruwa ya zauna, a lokacin hunturu kuma ka ajiye jitar cikin akwatinta tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin mazubin sabulu mai huji, nesa da jikin katakon.