Hanyoyin kawo ɗan ɗan'uwa ya zauna tare da kai a Amurka

Dokar shige da fice ta Amurka ba ta ba kawu ko goggo damar nema wa ɗan ɗan'uwa takardar zama kai tsaye ba. Fom I-130, wanda ake nema wa dangi takardar zama da shi, na mata ko miji ne, da 'ya'ya, da iyaye, da 'yan'uwan da kuka haɗa uwa ko uba.

Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce ɗaukar yaron a matsayin ɗa ta kotu. Riƙo kawai bai wadatar ba, kuma nan ne iyalai da yawa ke tuntuɓe. A kammala ɗaukar kafin ya cika shekara 16, a kuma nuna shekara 2 yana hannunka bisa doka kuna gida ɗaya, sannan a shigar da I-130. Rasit ɗin makaranta da katin asibiti su ne shaida, a adana su. Idan maraya ne, ko iyaye ɗaya ya rage kuma ba ya iya kula da shi, ɗan ƙasar Amurka zai iya bi ta fom I-600 na ɗaukar maraya. Idan kuwa ƙasar yaron tana cikin Yarjejeniyar Hague kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe, fom I-800A ake fara shigarwa, kuma ɗaukar yaron kafin amincewar hukumar shige da fice ta Amurka (USCIS) na iya lalata neman.

Akwai bizar karatu, F-1. Makarantar kuɗi mai izini za ta ba shi I-20, takardar da ake neman bizar da ita. A sakandaren gwamnati wata 12 ne iyaka, tare da biyan cikakken kuɗin karatu. Firamaren gwamnati babu dama.

Kada a kawo shi da bizar ziyara ta B-2 da niyyar ya zauna. Idan aka gano, ana iya soke bizar, abin ya bi yaron nan gaba.