Yadda Ake Gane Kalmomin Taswirar Dandalin Nishaɗi Kafin a Shiga Layi

Wanda ya karɓi taswirar babban dandalin nishaɗi a bakin ƙofa zai tarar da jerin abubuwa masu yawa a ƙarƙashin kalma ɗaya ta Turanci, "attractions", wadda ma'anarta ita ce "abin jan hankali". Mutane da dama suna ɗauka cewa duk abin da ke jerin nan na hawa ne, shi ya sa mai tsoron bisa yake ganin babu rabonsa a wurin, alhali kuwa kalmar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba.

Matakin farko shi ne ka gane irin wurin da ka shiga. Akwai dandalin da aka tara lilo da wasanni kawai, akwai kuma mai jigo, wanda aka raba shi unguwa-unguwa, kowace da labarinta da gininta da kayan ma'aikatanta. Disneyland, wanda aka buɗe a Kalifoniya ta Amurka a 1955, shi ne ya yaɗa wannan tsari, kuma a can baƙo ake kiran mai ziyara, ma'aikata kuwa a kira su 'yan wasa, domin ana kallon wurin duka a matsayin dandamalin wasan kwaikwayo.

Daga nan sai ka ware abubuwan hawa daga sauran, kuma a nan ne ya kamata ka fi nutsuwa, domin su kansu iri-iri ne. Rola-kosta jirgi ne a kan dogo mai hawa da gangara. A irin na gargajiya sarƙa ce take jan taragun zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan kuma nauyinsu ne yake kai su har ƙarshe. Abin da ake kira hawan duhu ba lallai ba ne ya zama na ban tsoro: ƙaramar mota ce ko kwalekwale da ke ratsa cikin gini a hankali, ana nuna labari da fitilu da sauti da mutum-mutumi masu motsi, kuma sau da yawa shi ya fi dacewa da tsofaffi da ƙananan yara. Akwai masu juyawa a wuri ɗaya, kamar lilon dawaki, waɗanda a ganina an fi raina su, ga shi kuwa masu saurin cikinsu suna sa jiri da tashin zuciya ƙwarai. Akwai na ruwa, wanda mai hawansa ya shirya jiƙewa. Sai kuma ƙaton lilo mai siffar ƙafar keke, wanda injiniya George Ferris ya gina shahararrensa a baje-kolin Shikago na 1893, kuma aikinsa kallon gari ne daga sama cikin kwanciyar hankali.

Mataki na uku shi ne ka duba abin da ba a hawa: wasannin dandamali, fareti, wasan wuta na dare, wuraren zagayawa da ƙafa, da wurin gaisawa da masu shigar taurarin fina-finan katun. Waɗannan da lokaci suke tafiya, don haka ka fara rubuta sa'o'insu, sannan ka tsara sauran yinin a kewaye da su.

Bayan haka ka karanta alamomin da ke gefen kowane suna. Sharaɗin tsawo, kamar santimita 102 ko 122, ba shi da alaƙa da shekaru ko jarumtar yaro. An sa shi ne domin ƙarfen kariya da bel ɗin kujera su riƙe jiki yadda ya kamata, saboda haka ka auna yaranka tun a gida, kada a mayar da su bayan doguwar tsayuwa. Gargaɗin da ake yi wa masu juna biyu da masu ciwon zuciya, baya ko wuya shi ma a ɗauke shi da muhimmanci.

Abin da ya rage shi ne kalmomin layi. A da, Disneyland takardun shiga masu haruffa yake sayarwa, daga A zuwa E, kuma tikitin E, wanda ya fito a 1959, na manyan abubuwan hawa ne, har aka daina tsarin a 1982. A 1999 kamfanin Disney, mai Disneyland, ya kawo FastPass, inda ake ba mutum lokacin da zai dawo ya hau ba tare da dogon jira ba, sannan a 2021 aka maye gurbinsa da Lightning Lane na biyan kuɗi. Akwai layin mai hawa shi kaɗai, wanda ya fi sauri, amma za a raba ka da abokan tafiyarka domin cike kujerun da suka rage. Musayar iyaye kuwa tana ba uwa da uba damar hawa bi da bi, ɗaya yana riƙe da ƙaramin yaro, ba tare da sun bi layi sau biyu ba, sai dai a sanar da ma'aikacin da ke bakin layin tun kafin na farko ya shiga.