Darasi na 7: Ruwan ramin kifi da rijiyar gida

Kiwon tarwaɗa da karfasa ya shigo gidaje da lambuna a Maraɗi. Sana'a ce mai kyau. Amma idan ruwan ramin ya yi kore, ya fara wari, ina kuke zubar da shi?

Ku tsaya bakin ramin da safe ku duba. Abincin da kifi bai cinye ba yana nutsewa ƙasa, ya haɗu da kashin kifi, su ruɓe tare. Ruɓewar nan ke haifar da amoniya, mai wari irin na tsohon fitsari. Daga nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sai su mayar da amoniya wani sinadari da ake kira nitirat. Shi kuwa nitirat ba ya maƙalewa a rairayi. Duk inda ruwa ya bi, yana biye da shi har ƙasa. A fadamar Gulbin Maraɗi da ta Madarunfa ruwa yana kusa, igiyar guga ba ta da tsawo, don haka ba ya daɗewa kafin ya isa rijiya.

Abin da ya sa muka damu da nitirat, ba shi da launi, ba shi da wari. Ruwa yana iya zama garau a cikin randa alhali yana ɗauke da shi. Mutanen garin Tibiri, kusa da Maraɗi, sun san wannan. A shekarun 1990 ruwan famfo mai haske ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa. Nasu wani sinadari ne da ake kira fuloraid, daga cikin ƙasa, ba daga kifi ba, amma shi ma ido bai gan shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada nitirat ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha. Jarirai ƴan watanni ya fi cutarwa: yana rage wa jini ƙarfin ɗaukar iska, leɓe ya yi shuɗi, numfashi ya yi wuya. Uwargida, tafasa ruwan ba ya maganinsa. Ruwan ne ke tashi ya zama tururi, nitirat ya zauna a tukunya.

To, a shafe ramin da siminti, ko a shimfiɗa tamfol mai kauri, ko a daɓe shi da yumɓu sosai. Kada a watsa abinci barkatai, a ba kifi daidai abin da zai cinye, ai kuɗi ne. Tsohon ruwan kuma taki ne, a kai shi ga zogale da tumatir kaɗan-kaɗan, kada a tara shi wuri ɗaya yana tsima. Wanda aka sa wa gishiri ko magani ban da shi.

Aikin gida: ku ƙirga taku daga ramin kifi zuwa rijiyarku, ku rubuta adadin a littafi. Idan bai kai taku 40 ba, wato kamar mita 30, ku faɗa wa malam gobe.